Laifin Wa Ne In Uwargida Ba Ta Iya Taransifa Ba?

 Yau ina so mu tattauna a kan wata magana da ta daɗe tana yawo a bakin manyan ma'aikata da masu jawabi a rediyo, watau wai matan ƙasashe irin namu ba sa son ci gaba. Wai ga waya, ga intanet, ga banki an sa shi a cikin waya, amma uwargida ta fi son ta ƙulle kuɗinta a bakin zane ko ta tura su ƙarƙashin katifa. Ni dai ban yarda da wannan magana ba, kuma zan gaya muku dalilina. Sa'an nan zan faɗi abin da ya rage namu mu yi, domin kada mu zauna jiran wasu har rana ta faɗi.

Ku tuna baya kaɗan. Kafin shekarar 2001, layukan tarho a Nijeriya baki ɗaya ba su kai rabin miliyan ba, kuma yawancinsu suna ofisoshi da gidajen manya. In mace tana son ta gaisa da mahaifiyarta da ke wani gari, sai dai ta sa a rubuta mata wasiƙa, ko ta ɗauki magana a kaset ta ba direba. A watan Agusta na 2001 aka fara wayar salula. Layi kaɗai a lokacin yakan kai N20,000 ko fiye, kira kuwa N50 minti ɗaya. Da farashi ya sauko, sai waya ta shiga lungu da saƙo, har yau layukan da ke aiki sun haura miliyan 150. Wa ya yi gangami ya roƙi mata su karɓi waya? Babu. Tsohuwar da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba, ga ta nan tana aika wa jikanta saƙon murya ta WhatsApp, ba wanda ya sa ta a aji.

Ashe ke nan mu ba masu ƙin sabon abu ba ne. Abin da ya yi daidai da aljihunmu, muka kuma ga amfaninsa da idonmu, ba ma jira a tallata mana shi. Saboda haka in kuka ga wata na'ura ta zo ta tsaya a zaure ta kasa shigowa cikin gida, to, ku duba da kyau, akwai abubuwan da suka tare mata hanya. Bari mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

WUTA DA SABIS

Na farko wuta. Waya ba ta cin tuwo, amma kullum sai ta ci wuta. Bankin Duniya ya faɗa a 2021 cewa mutum miliyan 85 a Nijeriya ba su da wutar lantarki, watau kashi 43 cikin 100 na jama'ar ƙasa. Masu ita ma kun san halinta, a kawo da tsakar dare a ɗauke kafin asuba. A watan Oktoba na 2024 jihohin Arewa da yawa sun shafe fiye da mako guda cikin duhu, bayan an lalata layin wutar da ya taso daga Shiroro zuwa Kaduna, sa'an nan wanda ya rage shi ma ya sami matsala. Uwargidan da ke ƙauye sai ta ba yaro wayarta ya kai wa mai caji a bakin kasuwa, ta biya, wayar ta wuni a can. Duk mai neman ta a ranar don ya sayi kaya, a kashe zai ji ta. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuwa, mai caji ma ya ƙara kuɗi, domin janaretarsa ba ruwa take sha ba.

Na biyu sabis. Kamfanonin waya 'yan kasuwa ne, inda jama'a suka yi yawa kuma ake ciniki, nan suke kafa ƙarfensu. Akwai ƙauyukan da sai an hau tudu ko an je gindin wata bishiya kafin a sami sabis. Namiji ya hau babur ya je ya yi kiransa ya dawo, matar aure fa? Ga kuma rashin tsaro. A watan Satumba na 2021 hukuma ta rufe sabis a Jihar Zamfara duka, da wasu ƙananan hukumomi na Katsina da Sakkwato da Kaduna, domin yaƙi da 'yan bindiga. Makonni da dama aka yi ba kira ba saƙo. Wadda ta zuba kuɗinta duka a waya, da me za ta sayi gishiri a waɗannan makonni? Birane ma ba su tsira ba. Ran 14 ga Maris na 2024 manyan wayoyin intanet da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, aikin bankuna ya sami cikas daga Nijeriya har Gana.

TSADA

Na uku tsada. Mafi ƙarancin albashin da gwamnati ta tsayar a 2024 N70,000 ne a wata, babbar waya mai ɗan dama-dama kuwa tana iya cinye wannan albashi kaf, har ta nemi ciko. To, ina ga mai suyar awara ko mai ƙuli-ƙuli, wadda ribarta ta yini ba ta wuce kuɗin cefane ba? In an sayi wayar ma ba a gama ba, saura data, ita kuwa kamar kananzir a fitila take, kina kallo tana ƙarewa. A watan Janairu na 2025 hukumar sadarwa ta yarda kamfanoni su ƙara kuɗin kira da na data har da kashi 50 cikin 100. Ga 'yan kuɗaɗen da ake cirewa a asusu, na saƙo da na kati da na tura kuɗi, ga ladan mai POS. Mai miliyan ba zai ji a jikinsa ba. Wadda ta ajiye N5,000 ta dawo ta tarar an gutsura, ita kam ta ji, kuma gobe asusun ƙasa za ta koma wa, don shi bai taɓa cire mata ko kwabo ba. Wannan lissafi ne, mata kuwa sun iya lissafi.

KARATU DA HARSHE

Na huɗu, wanda ni a ganina ya fi sauran girma, shi ne karatu. Kira da saƙon murya ba sa bukatar karatu, shi ya sa kowa ya iya su. Amma tura kuɗi sai kin karanta abin da waya ta rubuto, kin zaɓi lamba, kin duba sunan mai asusu, kin tabbatar da sifiri nawa kika danna. Sifiri ɗaya ne fa tsakanin N2,000 da N20,000. Daɗin daɗawa, yawancin rubutun nan da Turanci yake. Mace ta yi karatun allo, ta iya ajami, tana riƙe lissafin adashin mutum 30 a ka ba kuskure, amma waya ta mai da ita kamar ba ta san komai ba, don kawai ba ta jin Turanci. Alhali kuwa gyaran ba mai wuya ba ne. Google ya sa Hausa cikin harsunan da yake fassarawa tun 2013, Facebook ya biyo baya a 2016. In mutanen Amurka sun iya, me ya hana bankin da ke da reshe a Kano da Sakkwato?

Mutanen Indiya sun gane wannan. 'Yan tireda da masu shayi a can suna ajiye wata 'yar na'ura mai lasifika a kan tebur, da zarar kuɗi sun shigo sai ta faɗi adadinsu da ƙarfi, cikin harshen mai kanti. Ba sai ya iya karatu ba, kuma ba mai ruɗinsa da alat na ƙarya.

Maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar su ma sun gwada wani abu da ya kamata mu sani. A 2009 da 2010 an buɗe azuzuwan yaƙi da jahilci na manya a ƙauyukan Doso da Damagaram, cikin Hausa da Zabarmanci. A wasu ƙauyukan an haɗa karatun da koyon rubuta saƙo a ƙaramar waya, a wasu kuwa ba a haɗa ba. Da aka yi jarrabawa, waɗanda suka koyi waya sun fi cin maki a rubutu da lissafi. Dalili a fili yake, wanda kullum yake rubuta saƙo ba ya manta baƙaƙe. Kun ga karatu yana buɗe waya, ita ma waya tana riƙe karatu.

WAYAR ARO

Na biyar takardun shaida. A watan Disamba na 2020 gwamnati ta ce lalle kowane layi a haɗa shi da lambar ɗan ƙasa, watau NIN. A watan Afrilu na 2022 aka hana layuka fiye da miliyan 70 yin kira, a Satumba na 2024 kuma wa'adin ƙarshe ya cika aka rufe miliyoyi. Manufar ba ta da laifi. Amma wa ya fi shan wuya? Wadda ofishin rajista ya yi wa nisa, ga goyo, ga girki, ga kuɗin mota, ta je kuma a ce ba sabis ta dawo gobe. Shi ya sa mata da yawa layin da ke hannunsu da sunan maigida ne, ko ƙane, ko ɗa.

Wannan ya kawo mu ga na shida, watau wayar aro. Ƙungiyar kamfanonin waya ta duniya, GSMA, ta faɗa a rahotonta na 2024 cewa a ƙasashen Afirka da ke kudu da Sahara, inda maza 100 ke amfani da intanet a waya, mata 68 ne kawai ke yi. Masu iya magana sun ce kayan aro ba ya rufe katara. In an turo miki kuɗin ɗinki ko gudunmawar biki ta asusun wani, ko da mai amana ne, sai kin jira ya dawo, sai kin tambaya, wani lokaci ma kunya ta hana ki tambayar. Mai sayen kayanki kuma in ya kira sau biyu ya ji muryar da ba taki ba, wurin wata zai koma.

Na sani wasu mazan suna hana waya ne saboda tsoron abin da ke cikinta, kuma tsoron ba na banza ba ne, lalle akwai shara a intanet. To, amma wuƙa ma tana yanka, ba a kuwa taɓa hana uwargida ita a ɗakin girki ba. Koya mata riƙo aka yi.

Na bakwai damfara. A watan Disamba na 2016 wani shiri mai suna MMM, wanda ya yi wa mutane alkawarin riba mai yawa cikin wata guda, ya rufe da kuɗin jama'a. A watan Afrilu na 2025 wani mai suna CBEX ya maimaita haka. Ga masu kira su ce daga banki suke, a faɗa musu lambar da aka turo. Ga taransifar da ke maƙalewa, an cire a nan, can kuma ba su shiga ba, a yi ta zirga-zirga kafin su dawo. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma ma gudu yake. In mace ɗaya a unguwa ta yi asara, mata 20 ne za su ja da baya.

DARASIN 2023

Duk wannan mun gan shi a fili lokacin canjin kuɗi. A watan Oktoba na 2022 Babban Bankin Nijeriya ya ce zai sauya takardun N200 da N500 da N1,000, ya sa wa'adin 31 ga Janairu na 2023, daga baya aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Tsofaffin kuɗi suka koma banki, sababbi kuwa suka yi wuyar gani. Aka ce kowa ya koma taransifa. Kun tuna yadda aka yi, mutane suna kwana a layin banki, ana sayen Naira da Naira a wurin masu POS, tumatir yana ruɓewa a kasuwa ba mai tsabar da zai saya, na'urorin bankuna kuma suka kasa ɗaukar cunkoson. Sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ran 3 ga Maris na 2023 cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin kuɗi. Gaskiya ne 'yan kasuwa da yawa a lokacin suka koyi karɓar taransifa. Amma su wane ne? Masu waya, masu asusu, masu karatu. Mai sayar da nono da mai ƙosai asara kawai suka ƙirga.

Ba mu ne farau ba. A watan Nuwamba na 2016 gwamnatin Indiya ta soke takardun Rufi 500 da 1,000 cikin dare ɗaya, waɗanda su ne kashi 86 cikin 100 na kuɗin da ke yawo, talakawan can ma suka sha layi. A nan gida kuma an ƙaddamar da eNaira a watan Oktoba na 2021, da farko sai mai babbar waya da asusun banki ke iya buɗe ta. Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya duba a 2023, ya ga fiye da kashi 98 cikin 100 na waɗanda suka buɗe ba sa taɓa ta ko sau ɗaya a mako.

Yanzu ku dubi Kenya. A 2007 kamfanin Safaricom ya fito da M-Pesa. Ba ta bukatar babbar waya, ba ta bukatar data, ba ta bukatar asusun banki. Ƙaramar waya mai madannai ta isa, mai kantin unguwa shi ne wakili, ki ba shi tsaba ya sa miki a waya, ko ya cire ya ba ki a hannu. Ba wanda ya tilasta wa kowa, jama'a da kansu suka ruga. Wani bincike da aka buga a 2016 ya nuna ta fitar da gidaje kimanin 194,000 daga ƙangin talauci, kuma gidajen da mata ke riƙe da su ne suka fi cin moriya. A Bangaladash ma tun 1997 Bankin Grameen ya riƙa ba matan ƙauye rancen sayen waya, suna ba da hayarta ga masu kira suna samun na kansu. Bambancin ke nan. Inda aka auna mutane kafin a yanka musu riga, ta zauna. Inda aka ɗinka riga aka ce dole su shiga, ta yage.

ABIN DA YA KAMATA

Ga hukuma da bankuna da kamfanonin waya, roƙonmu kaɗan ne. A sa Hausa da sauran harsunanmu a cikin na'urorin tura kuɗi, da rubutu da murya. A riƙa kai rajistar NIN unguwanni da asibitocin awo, a sa mata ma'aikata. A taimaka wa mata su zama wakilan POS a cikin gidajensu, yadda 'yar'uwa za ta shiga ba sai ta je bakin titi ba. A sauƙaƙa sayen sola. Kuɗin da suka maƙale a mayar da su da wuri. Sa'an nan kada a sake ɗauke tsabar kuɗi daga hannun jama'a kafin wuta da sabis su isa inda suke.

Ke kuma uwargida, ga naki. Ki zauna da maigida cikin ladabi ki nuna masa amfanin abin, ranar da ya yi tafiya yaro ya kwana da zazzaɓi, ai shi ma zai so a ce kuɗin magani sun iso hannunki kai tsaye. Ki yi rajistar NIN, ki mallaki layi da asusu da sunanki, ko da ƙaramar waya ce. Lambar sirrinki kuwa taki ce ke kaɗai, kada ki rubuta ta a bayan kati, kada ki faɗa wa mai POS ya danna miki, kada ki faɗa wa mai kira ko ya ce shi manajan banki ne, domin banki ba ya tambayar ta. In an ce an turo miki kuɗi, ki duba abin da ke cikin asusunki kafin ki ba da kaya. Duk wanda ya ce zai ninka miki kuɗi cikin wata guda, ki ce Allah ya ba da sa'a ki wuce. Ki fara gwaji da N100, in kin yi kuskure ba ki yi asarar kirki ba. Kuma ki riƙa barin 'yar tsaba a gida saboda ranar da sabis ya ɗauke. In ba ki yi boko ba, ba a makara ba. Jihar Kano ta kafa hukumar ilmin manya tun 1980, sauran jihohi ma suna da irinta, ki tambaya a unguwarku.

Ku kuma 'yan makaranta, maganarku ta fi gaggawa. Tun 2015 jarrabawar JAMB gaba ɗaya da kwamfuta ake yin ta, tun 2021 kuma ba a rajista sai da NIN. Hukumar WAEC ma ta fara gwada kwamfuta a 2024 ga masu zana jarrabawa daga waje. Yarinya ta haddace littafi, ta shiga ɗakin jarrabawa ranar ce farkon taɓa kwamfutarta, rabin lokacinta ya tafi wajen neman inda za ta danna. Ba a fafe gora ranar tafiya. In makarantarku tana da ɗakin kwamfuta a kulle, ku roƙi iyayenku su ta da maganar a taron iyaye da malamai. In babu, ku nemi inda ake koyarwa lokacin hutu. Ku tuna 2020 da aka rufe makarantu saboda korona, 'ya'yan masu hali suka ci gaba da darasi ta intanet, saura kuwa sai rediyo.

Abu na ƙarshe, ke da kika iya, ki koya wa mahaifiyarki. Ki zauna kusa da ita bayan sallar isha'i, ki bar wayar a hannunta ta danna da kanta, kada ki fizge ki ce kawo in yi miki, kada kuma ki yi mata dariya. Ribar ma taki ce. Ranar da Inna ta iya tallata turaren wutarta ko ɗinkinta ta waya, masu saye suna turo kuɗi suna aiko yaro ya karɓa, ranar ce za a sauke miki farantin talla ki tafi makaranta da wuri.

Ku rubuto mana abin da ya fi damunku cikin waɗannan bakwai, da yadda kuke yi da shi a garinku.